Yadda unguwa za ta tsara taimakon 'yan gudun hijira har ya isa ga mafi rauni

Tun daga ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun ɗaukin gaggawa na RSF, mutum fiye da miliyan 12 ne suka bar gidajensu, kuma mafi yawansu ba su ƙetare iyaka ba, suna nan cikin ƙasar suna raɓe a wurin dangi ko a makarantu ko a masallatai. Garuruwan da Hausawa suke da yawa sun sha karɓar baƙi a wannan tsakani. Da Wad Madani ta faɗi a watan Disambar 2023, jama'a sun kwarara zuwa Sinnar da Gadarif da Kasala, da faɗan ya isa Sinja a ƙarshen Yunin 2024 kuma, waɗanda suka fake a can suka sake ɗaura kaya. Tun kafin wannan ma, rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022 ya riga ya kori dubban iyalan Hausawa daga Rusairis da ƙauyukan da ke kewaye da ita zuwa Sinnar da Rabak da Kosti. A kowane karo, maƙwabta da limamai da matan unguwa ne suke fara tarbar mutane, tun kafin motar wata ƙungiya ta iso.

Karamcin yana nan, amma tsari ne yake yawan kuɓuce mana. Taimakon da aka ajiye a ƙofar masallaci aka ce kowa ya zo ya karɓa, mai ƙarfi ne yake fara isa gare shi. Tsohuwar da ba ta iya miƙewa, da mai jego, da makaho, da yarinyar da ta iso ba tare da iyayenta ba, da magidancin da kunya ta hana shi tsayawa a layi da kwano a hannu, su ne suke kwana da yunwa alhali ana girki a bayan gidan da suka sauka. Saboda haka duk matakan da ke ƙasa an gina su ne a kan cewa kwamiti ne zai tashi ya nemi mai rauni a inda yake.

Kafa kwamiti

A fara da ƙaramin kwamiti na mutum bakwai zuwa tara, wanda aka zaɓa a bainar jama'a bayan sallah ko a zauren mai unguwa. Sharuɗɗa biyu ne bai kamata a sassauta ba. Na farko, mata su kai rabin kwamitin ko kusa da haka, domin su ne za su iya shiga cikin gidaje, kuma su ne mace za ta faɗa wa abin da ba za ta taɓa faɗa a gaban maza ba. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na biyu, a sa wakilai daga cikin baƙin kansu. A cikin waɗanda suka gudo daga Khartum da Jazira akwai malaman makaranta da ungozomomi da ma'aikatan jinya da akantoci, kuma asara ce babba a bar su zaune suna jiran abinci alhali hannunsu na iya aikin da unguwar take nema.

A raba amana tun ranar farko: mai riƙe kuɗi daban, mai sayayya daban, mai rubuta shiga da fita daban. Ana yin haka ne don a kare mutuncin mutanen kirki daga zargin da ba makawa zai taso idan abinci ya yi ƙaranci. Sannan a sanar da hukumar ƙaramar yanki da shugabannin gargajiya abin da ake yi, a kuma nisanta aikin daga kowane ɓangare na yaƙin. Ɗakunan Agajin Gaggawa da matasan Sudan suka kafa tun makonnin farko, waɗanda suka samu lambar yabo ta Right Livelihood a 2025, sun ciyar da ɗimbin jama'a da wannan salon, amma an kama wasu daga cikin ma'aikatansu, an kuma kashe wasu, a yankunan ɓangarorin biyu. Wanda ya shiga aikin ya san da wannan, ya kuma kiyaye abin da yake wallafawa a Facebook.

Ƙidaya gida-gida

Kafin a sayi ko mudu ɗaya na dawa, a san ko su wane ne suka zo. Ƙidayar da aka yi a makarantar da aka sauke mutane kaɗai ba ta isa ba, domin da yawa daga cikin baƙi suna cikin gidajen jama'a ne, inda ɗaki ɗaya yake ɗauke da iyali biyu ko uku, ba wanda yake ganinsu daga titi. A raba unguwa layi-layi, a tura namiji da mace tare, su yi sallama su zauna su yi tambaya cikin natsuwa. Abin da za a rubuta kaɗan ne: sunan shugaban iyali, yawan mutane, yara nawa ne ba su kai shekara biyar ba, ko akwai mai ciki ko mai shayarwa, ko akwai tsoho ko mai naƙasa da ba ya iya fita, ko akwai mai shan magani kullum, ko akwai yaron da ba iyayensa ne suke riƙe da shi ba. A yi wa irin waɗannan gidaje alama a littafin, domin su ne za a riƙa kai wa ziyara a kai a kai.

Abin da ba za a rubuta ba ya fi wannan muhimmanci. Kada a rubuta ƙabila, kada a rubuta ra'ayin siyasa, kada a rubuta ko wani a gidan ya taɓa aikin soja, kuma kada a ɗauki hoton kowa. A lokacin yaƙi littafin suna na iya faɗawa hannun da ba a yi niyya ba, garin da yake lafiya yau kuma yana iya canza hannu gobe, kamar yadda mutanen Madani da Sinja suka gani. Littafin ya kasance a wurin mutum ɗaya ko biyu, kada a tura shi a dandalin WhatsApp, kuma idan wata ƙungiya ta nemi bayani, a fara ba ta alƙaluma, sunaye kuwa sai da yardar masu su.

Kada a sa takardar shaida ta zama sharaɗin cin abinci. Mutane da yawa sun fito da kayan jikinsu kawai, wasu kuma an ƙwace takardunsu a shingayen hanya. Hausawan Sudan sun san ɗacin a tambayi mutum asalinsa a ƙasar da aka haifi kakanninsa, don haka bai dace mu ne za mu ɗora wa wani irin wannan ba. Abin da kwamiti zai yi shi ne ya ware mutum guda mai sanin ofisoshi, wanda zai raka waɗanda suka rasa lambar ɗan ƙasa ko takardar haihuwa su sake samu, tunda da ita ake buɗe asusun banki a kuma yi tafiya cikin kwanciyar hankali. A kuma tuna cewa cikin waɗanda suka gudo akwai 'yan Eritiriya da Habasha da Sudan ta Kudu da suka daɗe suna zaune a Khartum. Su lamarinsu yana hannun Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Sudan da UNHCR, wato hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suke kula da sansanoni irin su Um Rakuba da Tunaidba a jihar Gadarif da Shagarab a jihar Kasala. A haɗa su da waɗannan ofisoshi, amma kafin nan tukunyar unguwa tasu ce kamar kowa.

Takiya

Girki a wuri ɗaya domin jama'a, wato takiya, ya fi rabon ɗanyen hatsi a makonnin farko, domin wanda ya sauka a ajin makaranta ba shi da tukunya ko gawayi, kuma itacen da zai dafa wa mutum ɗari a babban kasko bai kai wanda gida ashirin za su ƙona daban-daban ba. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji na duniya suke aiki da su, sun ƙiyasta cewa mutum yana bukatar kalori 2,100 a rana. Takiyar da take girki sau ɗaya ba za ta cika wannan ba, don haka a faɗa wa jama'a gaskiya cewa tallafi ne, a kuma yi ƙoƙari kwanon nan guda ya ƙunshi abu uku: hatsi, da wani abu daga dangin wake, da mai. Asida da miyar kuɓewa busasshiya, ko shinkafa da adas, ko ful, ko balila, duk suna yi, matuƙar ba a yi ƙwauron mai ba, domin shi ne yake ɗauke da ƙarfi mai yawa a cikin ɗan ƙaramin cokali. Gyaɗa da riɗi suna da araha a gabashin Sudan idan aka kwatanta da nama, kuma suna toshe gurbi mai yawa.

A nan ne littafin ƙidaya yake nuna amfaninsa. Kafin a buɗe layi, a fara zuba kason gidajen da aka yi wa alama, a ba samari da 'yan mata su kai har ƙofa, kowane matashi da gidajensa da ya sani. Idan aka bar su zuwa ƙarshe, ƙanzo ne zai rage musu. Mai kai abincin kuma shi ne idon kwamiti: shi zai lura cewa kwanon jiya ba a taɓa shi ba, ko cewa tsohon ya kwana biyu bai tashi ba. Magidantan da suke jin nauyin fitowa, a aika musu da dare ko ta hannun matansu, ba tare da an kira suna ba. Yara ƙanana kuma cikinsu ba ya ɗaukar abincin yini a zama ɗaya, saboda haka idan hali ya yi a ɗora musu tukunya ta biyu da safe, ta kunu mai kauri da gyaɗa da ɗan mai, a haɗa da masu ciki da masu shayarwa.

Kada a manta da masu masauki. Gidan da yake ciyar da mutum shida ya wayi gari yana ciyar da ashirin, rumbunsa ne yake ƙarewa a ɓoye, kuma idan ya ga ana kai wa baƙi ana tsallake shi, gajiya ce za ta juye ta zama ƙorafi, daga nan sai a fara neman baƙin su tashi. A auna bukata da halin da gida yake ciki, ko baƙo ne ko ɗan gari.

Batun kuɗi yana bukatar tunani mai nisa, domin abubuwa biyu sun riga sun koya mana darasi. A watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke a mafi yawan ƙasar, manhajar Bankak da ake turo gudummawa ta cikinta ta tsaya, takiyoyi da dama suka kashe wuta. A watan Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ɗaruruwan takiyoyi suka rufe cikin 'yan makonni. Saboda haka kada a dogara da hanya ɗaya. A haɗa gudummawar 'yan uwa da ke Saudiyya da sauran ƙasashe da ɗan abin da 'yan kasuwar unguwa za su iya bayarwa duk mako, da mudun hatsi daga gidajen da suke da hali, a kuma miƙa jerin mabukata ga ofishin zakka na yankin. Kuɗin da ya shigo kada a bar shi ya kwana a waya, tunda darajar fam ɗin Sudan tana zubewa kuma takardar kuɗi tana wuyar samu. A mayar da shi buhu. Lokacin kaka, sa'ad da dawar Gadarif take shigowa kasuwa, shi ne lokacin saye da roƙon manoma, kuma a cika ma'aji kafin damina, domin baƙar ƙasar yankin idan ta sha ruwa mota ba ta iya shiga ƙauye. Duk Juma'a a karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe a gaban jama'a, a liƙa takardar a bango, a kuma tura wa masu bayarwa. Wanda ya ga inda kuɗinsa ya tafi yakan sake bayarwa.

Ruwa, masai da kwalara

Inda mutane suka cunkushe, gudawa takan kashe fiye da yunwa, kuma cikin sauri. Ma'aikatar lafiya ta ayyana ɓarkewar kwalara a watan Agustan 2024, jihohin Kasala da Gadarif na cikin waɗanda ta fi shafa, a watan Fabrairun 2025 kuma ta auka wa Kosti bayan an kai hari tashar wutar lantarki, famfo ya ɗauke, jama'a suka koma sayen ruwan kogi daga masu amalanken jaki. Ma'aunin da ake bi shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana don sha da girki da tsafta, masai ɗaya ga mutum 20, kuma ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. A ware na mata daban, a sa masa ƙofa mai sakata daga ciki, a sa fitila a hanyarsa, domin masan da mace take tsoron zuwa da dare tamkar babu shi ne. A tanadi guda ɗaya mai faɗi da abin dafawa saboda tsofaffi da guragu.

Duk ruwan da aka saya a ganga a ɗauke shi a matsayin wanda bai da tabbas. Idan ya yi gurɓi a bar shi ya kwanta ko a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a sa ƙwayar kulorin daidai da yadda aka rubuta a jikin fakitin, domin ƙwayoyin sun bambanta da ƙarfi, a jira minti 30 kafin a sha. Idan babu kulorin a tafasa. Randa ta kasance a rufe da moɗa guda mai mariƙi, jarkoki kuma a riƙa wanke su. A ajiye buta da sabulu a bakin masai da bakin takiya, kuma duk mai girkin da cikinsa ya ɓaci ya huta har ya warke.

Kowane ɗan kwamiti ya haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida a shafe na sukari, da rabin cokalin shayi na gishiri. Fakitin da ake samu a asibiti ya fi, amma kada a jira shi. Wanda ya fara zawo kamar ruwan shinkafa a fara ba shi nan take, kurɓi-kurɓi ko da yana amai, a ci gaba da ba shi a kan hanyar zuwa cibiyar jinya, a kuma zubar da abin da ya kwana a haɗa sabo. Yara a ƙara musu ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, jariri kuma kada a cire shi daga nono. Idan Allah ya yi wa wani rasuwa ta wannan ciwo, a nemi ma'aikatan lafiya su jagoranci wankan, masu wanka su sa safar hannu, kuma kada su taɓa abincin zaman makoki. Limamai ne suka fi dacewa su yi wa jama'a wannan bayani tun kafin bukatarsa ta taso.

Tamowa da ƙyanda

Tsakanin watan Mayu da Satumbar 2023, hukumar UNHCR ta ba da rahoton mutuwar yara fiye da 1,200 'yan ƙasa da shekara biyar a sansanonin jihar Farin Nilu, sanadiyyar ƙyanda haɗe da tamowa. Ciwon biyu suna ƙarfafa juna, kuma dukansu ana iya gano su da wuri. A nemi zaren awon damtse daga cibiyar lafiya ko daga ƙungiyoyin da ke aikin abinci mai gina jiki, a koya wa iyaye mata amfani da shi, domin ba ya bukatar karatu. Ana auna tsakiyar damtsen yaro mai wata 6 zuwa wata 59. Idan awon ya gaza santimita 11.5, wato ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5, wato rawaya, yaron yana kan hanya. Haka nan idan aka danna bayan ƙafafunsa biyu da yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba, wannan kumburi alamar haɗari ce ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Duk waɗannan a kai su cibiya a ranar. Abincin gyaɗa na fakiti da ake ba su magani ne, don haka a roƙi iyaye kada su raba shi da sauran yara ko su sayar, hanyar da ta fi tabbatar da haka kuwa ita ce a ƙara wa gidan kaso daga takiya.

Masu kyauta sukan kawo madarar gwangwani ta jarirai da kyakkyawar niyya, amma inda ruwa ba shi da tabbas tana jawo gudawa, kuma tana sa nonon uwa ya ragu. A ciyar da uwa, a ba ta wurin da za ta keɓe ta shayar. Jaririn da ya rasa uwa kuwa lamarinsa na ma'aikatan lafiya ne. Duk lokacin da aka ji masu riga-kafin ƙyanda sun shigo gari, kwamiti ya bi littafinsa gida-gida ya fito da yara.

Masu ciwo mai daɗewa da masu ciki

Mai ciwon suga da mai hawan jini da mai farfaɗiya da mai tarin fuka da mai wankin ƙoda ba sa yin ƙara, sai dai a ji sun faɗi. A rubuta sunan maganin kowa da ranar da zai ƙare, a nemi mai kantin magani guda a unguwa da za a riƙa hulɗa da shi. Allurar insulin ba ta son zafi, kuma inda babu wuta ana iya sa ta a leda a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai damshi a inuwa. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu tare da rama da kumburin ciki, musamman a yankin Gadarif, a nemi gwajin cutar kala-azar, kada a tsaya ga maganin zazzaɓin cizon sauro kawai. Ga masu ciki kuma, a san watan kowacce, a san ungozomar da za a kira, a kuma ware kuɗin mota da ba a taɓa shi don komai, tare da lambar mai raksha (babur mai ƙafa uku) biyu da suka yarda a tashe su da dare. Zubar jini, da jijjiga, da ciwon kai mai tsanani tare da kumburin fuska, da naƙudar da ta daɗe, babu jira a cikinsu.

Waɗanda aka ci zarafinsu da yaran da suka rabu da iyaye

An yi wa mata da 'yan mata da yawa fyaɗe a wannan yaƙi, kuma akasarinsu ba za su faɗa ba. Kada kwamiti ya shiga bincike ko tambayar wace ce abin ya shafa. Abin da zai yi shi ne ya zaɓi mace ɗaya ko biyu masu riƙon sirri, ya sanar a taron mata cewa akwai wadda za a iya gani a keɓe, sannan su waɗannan matan su san cibiyar da take da magungunan da ake bukata. Lokaci yana da muhimmanci a nan: maganin kariya daga cutar ƙanjamau yana aiki ne idan aka fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120, amma ko an wuce haka zuwa asibiti yana da amfani. Wadda abin ya shafa ita ce take da ikon cewa a faɗa wa wani ko kada a faɗa, har da danginta. Ba ta da laifi, kuma yana da kyau malamai su faɗi haka a fili a wa'azinsu, domin maganarsu ce take sa miji ko uba ya riƙe ta da mutunci.

Yaron da aka tsinta shi kaɗai kada a miƙa shi ga duk wanda ya zo ya ce nasa ne sai an tabbatar, kuma kada a ɗauke shi zuwa wani gari. A rubuta abin da ya iya faɗa na sunan iyayensa da unguwarsu da inda suka rabu, a ajiye kayan da aka same shi da su, a sa shi a gidan da aka yarda da shi tare da 'yan uwansa idan suna tare, a riƙa leƙa shi, sannan a sanar da ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar (Red Crescent) ta Sudan, wadda take aikin haɗa iyalai tare da kwamitin Red Cross na duniya. Sauran yara kuma a buɗe musu karatu ko da a ƙarƙashin rumfa ne, allo da safe, boko da hantsi, domin yaron da yake da wurin zuwa kullum ya fi wuyar faɗawa hannun masu ɗibar yara zuwa yaƙi, hankalinsa kuma ya fi saurin kwanciya.

A riƙa maimaitawa a kowane rabo cewa taimakon kyauta ne, babu wanda yake da ikon neman kuɗi ko wata alfarma a madadinsa. Mata su ne za su raba wa mata kayan da suka shafe su, irin su audugar al'ada da sabulu. A kuma ware wani dattijo da wata dattijuwa da ba sa cikin masu rabo, waɗanda za a iya kai wa ƙara idan ɗan kwamiti ne ya yi ba daidai ba.

Idan zama ya yi tsawo, ko aka fara komawa

Bayan 'yan watanni, ciyarwa kaɗai takan gajiyar da kowa. A fara neman wa masu ƙarfi abin yi: aikin gona lokacin shuka da girbi, aron fili, ɗan jarin shayi ko ƙosai ko agashe, adashe tsakanin mata. Masu aikin takiya su ma a yi musu karɓa-karɓa, a ba su kasonsu na abinci a bayyane, domin mafi yawansu ba su fi waɗanda suke ciyarwa hali ba. Idan wata ƙungiya ta zo, a nuna mata alƙaluma da littafin kuɗi, a faɗi abin da aka fi bukata, kuma a nemi a rubuta abin da ta yi alkawari da lokacinsa.

Tun da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Khartum a Maris na shekarar, iyalai da yawa sun fara komawa. Komawa zaɓin mai ita ce, kada a matsa wa kowa don ana son a buɗe makaranta. A nema masa wani wurin tukuna. Shawarar da ta fi ita ce mutum ɗaya ya riga zuwa ya duba gida da ruwa da asibiti kafin a kwashi tsofaffi da yara. A gargaɗi kowa, musamman yara masu tsince-tsince, cewa akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a gidaje da gonaki da makarantu, kada a taɓa, kada a jefa wa dutse, kada a ƙona shara a inda ba a bincika ba, a yi wa wurin alama daga nesa a sanar da hukuma. Mai shan magani ya tafi da na wata guda aƙalla tare da takardar da ke ɗauke da sunan maganin, yaron da yake karɓar abincin tamowa kuma a karɓo masa takardar miƙawa zuwa cibiyar da ta fi kusa da inda za su. Kwamiti ya goge sunan waɗanda suka tafi, ya sake zagaya unguwa, domin waɗanda suka rage galibi su ne waɗanda ba su da kuɗin mota ko ƙarfin tafiya, kuma a daidai lokacin ne gudummawa take fara ja baya.